Warin Ƙonewa a Torino

Ina da shekara ɗaya da wata uku a Torino, a arewacin Italiya, ranar da na ƙona allon Arduino, wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ake sarrafa na'urori da ita, a gaban mutum bakwai, kuma har yau idan na ji warin roba tana ƙonewa sai kunya ta rufe ni. Da rana ina jera kaya a wani rumbun ajiya, daren Talata da Alhamis kuma ina zuwa wani ɗakin koyon haɗa na'urori, inda nake samun ɗumi a lokacin hunturu da mutanen da zan yi wa magana, domin a ɗakina ba kowa sai bango. Tun ranar farko na shaida musu cewa lantarki na karanta a gida. Su kuwa suna ji da wannan allo, saboda a garin Ivrea, kimanin kilomita 50 daga inda muke, aka ƙirƙiro shi a 2005.

Aikin daren shi ne mu sa ƙaramin injin DC, irin wanda ke juya fanka mai caji, ya riƙa ƙara gudu yana ragewa. Malamin yana bayani da Italiyanci mai sauri, ni kuma girman kai ya hana ni cewa ban fahimta ba. Na soka wayar injin kai tsaye a ƙafa ta 9, ɗaya daga cikin ramukan allon da ake soka waya, ya ɗan motsa ya tsaya. Sai na ce a raina wuta ce ta yi masa kaɗan, na jawo batir mai bolt 12 na haɗa, alhali ɗayar wayar tana nan a jikin allon. Wani siririn hayaƙi ya tashi. Wata dattijuwa da ke zaune kusa da ni ta miƙe ta buɗe taga cikin wannan sanyi, kuma babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi dariyar ciwo.

A tashar tarago na aika wa Yayana saƙon murya. Shi ne wanda aka cire daga makaranta aka zaunar a shagon gyaran rediyo da fankoki a Kano, ni aka ci gaba da biya mini kuɗin karatu, kuma a duk shekarun nan ban taɓa yini a shagonsa ba don gudun kada abokaina su gan ni da ƙarfen narka dalma. Bai taɓa riƙe Arduino ba, amma da na kwatanta masa abin da na yi sai ya ce: "Haba injiniya, mai ba da umarni ka mayar ɗan dako? Buɗe kowace fanka mai caji, za ka ga transista tsakanin ƙwaƙwalwar da injin. Sannan ka sa diyod, don idan ka yanke wa koyil wuta sai ya rama."

Na kwana ina duba takardun allon, na tarar ko kuskure ɗaya babu a maganarsa. Kowace ƙafa ta Arduino Uno bolt 5 take bayarwa, kuma miliamfiya 20 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) aka so a ja daga gare ta, 40 ne iyakar da ba a ƙetarewa, alhali ƙaramin inji yana iya jan ɗaruruwa, musamman lokacin da zai tashi. Ramuwar da Yaya ya ambata kuwa ita ce wutar da koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin injin, ke turowa baya da ƙarfi a daidai lokacin da aka katse shi, diyod kuma shi ke hana ta yin ɓarna.

Ranar Alhamis na koma da sabon allo da na saya da kuɗin cefanena. Na sa transista TIP120, wadda ke aiki kamar makunni da allon ke ba umarni, na haɗa ta da ƙafa ta 9 ta hanyar rezisto mai rage wuta, na gitta diyod 1N4007 a kan wayoyin injin, na ba injin batirinsa daban, sannan na haɗe nagatif ɗin batir da na allon, domin idan ba a haɗe su ba transistar ba za ta ji umarni ba. Saurin kuwa dabara ce kawai: allon yana kunna wuta yana kashewa kimanin sau 490 a daƙiƙa, lambar da ka rubuta a cikin umarnin da ka ba allon, daga 0 zuwa 255, ita ke faɗin tsawon lokacin da za ta zauna a kunne. A ƙananan lambobi injin kuka kawai ya yi, da na ƙara sai ya fara juyawa a hankali kamar keken ɗinkin Inna idan ta zo kwana. Malamin ya tambayi wanda ya nuna mini zancen diyod, na ce yayana ne, injiniya ne a Kano.

Na tura wa Yaya bidiyon. Bai yabe ni ba, sai ya tambaya ko abin zai iya rage gudun fankar ɗakin Inna da asuba, domin zafi kan hana ta barci da farkon dare, sanyin asuba kuma ya tayar mata da ciwon ƙafa. Na sayi allo biyu da ƙullin transistoci na naɗe su cikin safa, ina jiran wani ɗan unguwarmu da zai je gida bayan Sallah.