Ruwan ɗorawa ya ci mini riguna 47

Har yau idan na buɗe bokitin fenti ruwan ɗorawa sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Riguna 47 fa, kuma ba nawa ba, na mutane.

Wata makarantar kuɗi ce a Mabera za ta yi gasar wasanni, suka kawo riguna 300 shuɗaye masu duhu a buga musu tambari: fari a ƙasa ya riƙe kala, sai ƙatuwar da'ira ruwan ɗorawa, ɗan tauraro ja a tsakiya, da sunan makarantar da kore. Kala huɗu, injina na buga riguna mai kai huɗu, kowace kala da kanta, fenti filastisol, wanda ba ya bushewa sai an gasa shi da zafi. Ƙarshen Maris ne, zafi ya wuce digiri 40, shagona kuma rufin kwano ne. Wanda ya san Sakkwato ba sai an yi masa bayani ba.

Na jera firam, wato ragar da ke ɗauke da zane wadda ake tura fenti ta cikinta zuwa kan riga, yadda na saba ji tun ina yaron shago: a fara da kala mai haske a ƙare da mai duhu. Fari, a gasa shi da hita, sai ɗorawa, sai ja, sai kore, ukun nan jiƙe a kan jiƙe. Riguna 20 na farko sun fito tsaf, har na ɗauki hoto na tura wa shugaban makarantar. Da na sani na ajiye wayar.

Wajen riga ta 30 gefen tauraron ya fara dishi-dishi. Na ɗaga firam ɗin ja na leƙa bayansa, sai ga ɗorawa ta lafe a jikin ragar, kauri guda, tana danƙo kamar ƙaro. Na goge da tsumma na ci gaba. Riguna goma, ta dawo. A firam ɗin kore abin ya fi muni, don shi ja da ɗorawa duka yake kwasa, ramukan ƙananan haruffa suka toshe, da'irar kuma ta koma dabbare-dabbare kamar kyasbi, saboda duk saukar firam sai ya ɗebi wani abu daga jikinta.

A nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba. Na ƙara danna robar da ake jan fenti da ita a kan raga da ƙarfi, wai don rubutun ya fita, alhali dannawar ce ke ƙara manna ragar a kan jiƙaƙƙen fenti. Na kira mai sayar mini da fenti a Kano na zazzaga masa masifa, na ce tsohon kaya ya turo mini. Sannan na yi babbar wautar: na tsiyaya kananzir a cikin ɗorawar na dama, wai ta saki. Ta saki kuwa, ta bazu ta haye kan jan. Filastisol ba a tsinka shi da kananzir, yana da nasa ruwan da ake sayarwa, kuma na san da haka, gaggawa ce kawai ta rufe mini ido. Da na wanke ɗaya daga cikin waɗanda suka sha kananzir don gwaji, ko da na gasa ta sosai, sai kalar ta dusashe tana tsattsagewa.

Bayan la'asar na hau babur na ɗauko maigidana da ya koya mini aiki. Bai ma kalli rigunan ba. Bayan hannunsa ya ɗora a kan katakon da ake shimfiɗa riga, ya janye da sauri.

"Kai, katakon ga ko masa ana toyawa bisa nai. Wa yac ce ma ka sa ɗorawa gaba?"

Na ce, "Baba, ai mai haske ake fara sawa."

"In sun yi daidai wurin faɗi. Wagga da'ira ita ce rabin aikin, kuma ka bari ana taka ta sau biyu."

Shi ke nan abin da ya hana ni barci. Duk kalar da aka buga da wuri, firam ɗin da ke biye sai sun sauka a kanta. Don haka ƙarami ke shiga gaba, babba ya zo ƙarshe inda babu mai taka shi. Ita ɗorawa mai rufe duhu kuma dama kauri gare ta da danƙo, ni kuma na zubo ta ta raga mai lamba 110, wadda ke sakin fenti da yawa. Ga zafi: hita na barin farin ya yi taushi yana kama hannu har sai ya huce, ni kuwa ina cire shi daga ƙarƙashin hita ina sauke firam. Zafin katakon yana dafa abin da ya taru a bayan raga kaɗan-kaɗan, shi ya sa goge shi ke wuya. Digiri 160 ake nema a gashin ƙarshe; na tsakiya ɗan ƙyas ne, ya daina kama yatsa kawai. Ni gasa shi nake kamar kilishi.

A daren muka sake ƙona firam, wato fitar da zanen a kan raga da haske: ja da kore a raga 230 mai ƙananan ramuka, ɗorawa a 156. Jeri ya koma fari, hita, ja, kore, ɗorawa. Baba ya manna guntun kwali a bakin kowane firam don ragar ta ɗaga daga riga kamar milimita 2 zuwa 3, ta riƙa ɓallewa da kanta bayan roba ta wuce. Muka kafa fanka tana hura katakon da ya fito daga hita. Bayan sallar asuba muka fara, da sanyin safiya. Sai da na buga fiye da 80 kafin na goge bayan firam sau ɗaya, shi ma don zuciyata ta kwanta ne.

Rigunan da na lalata sai da na zaga kasuwa na sayo madadinsu da kuɗina, shuɗin bai ma zo daidai ba, shugaban makarantar ya lura, ya yi shiru, shirun da ya fi faɗa ciwo. Riba dai ta tafi, har da ɗan abin da ke aljihu. Mutumin Kano na kira shi na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma har yau in na yi oda sai ya tambaye ni ko ya haɗo mini da galan ɗin kananzir.

Guda 47 ɗin suna nan cikin buhu a bayan shago. Yarana na shago sun ɗauki bibbiyu suna aiki da su, sauran nake yagawa ina goge bayan firam.