Ranar da ƙasa ta yi lilo da ni a Istanbul

Na daɗe ina sayar da abaya a kasuwar Sabon Gari ta Zariya, amma sai a Afrilun 2025 na fara zuwa Turkiyya sarin kaya da kaina. Daga Kwangila na hau mota zuwa Abuja, daga nan sai jirgi. Ɗan ƙanwata da ke karatu a can shi ya tare ni.

Ranar 23 ga wata, dab da azahar, muna wani shago a unguwar Laleli da ke Istanbul ina ta ciniki, sai na ga rigunan da ke rataye suna rangaji babu iska. Na ɗauka jiri ne, don ban karya ba. Kafin in ankara mai shagon ya yi waje, shayinsa na malala a kan tebur. Ni ma na bi, ba takalmi, bakina sai salati. Daga baya aka ce girgizar ƙasa ce, ƙarfinta 6.2 ne, daga ƙarƙashin tekun Marmara ta taso.

A fili muka kwana cikin jama'a, kowa da bargonsa. Nan yaron ya ce, "Kawu, ka san ƙanzo idan ya tsattsage a gindin tukunya? Haka ɓawon duniya yake, falle-falle, kuma yana tafiya." Wai fallen Larabawa na tunkuɗowa arewa, shi kuma na Anatoliya, wanda yawancin Turkiyya ke kansa, da ya rasa wurin zuwa, yana zamewa yamma, kamar santimita 2 a shekara. Gefunansu kan cije tsawon shekaru, ranar da suka kuɓuce ita ce girgiza. Hakan ta faru a Izmit a 1999, haka kuma a kudancin ƙasar a Fabrairun 2023, inda sama da mutum 50,000 suka rasu.

Na ce to mu fa? Ya ce Zariya na can tsakiyar fallen Afirka, nesa da bakin tsagar, a kan tsohon dutse irin na Kufena. Na tuna masa girgizar da aka yi a Kwoi, kudancin Kaduna, a 2016. Ya ce wannan tsohuwar tsaga ce ta ɗan motsa, ba ta kai ko kusa da tasu ba.

Ban ƙara kwana uku ba na ɗaure kayana. Da muka shigo Zariya na hango Kufena a inda na bar shi. Maƙwabtan shago kuwa har yau tambayarsu ɗaya: wa ya tsince min takalmin?