Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a aikin fulogin ɗin sabuntawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Alhamdulillahi, fulogin ɗin (wato ɗan ƙarin kod da ake liƙa wa manhaja) na sabunta manhajar ƙungiyarmu da na shafe wata uku ina fama da shi ya fara aiki jiya da daddare. Na ga bai kamata in yi shiru ba, don ba ni kaɗai na yi shi ba.

Manhajar ƙungiyarmu da tsarin rubuta manhaja na Ruby on Rails aka gina ta, tana zaune cikin kwantenar Docker (wani keɓaɓɓen akwati da manhaja ke aiki a ciki) tare da rumbun bayanai na PostgreSQL da ma'ajiyar Redis. A da, duk lokacin da sabon kod ya fito sai na shiga saba (kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta) da kaina, in rushe kwantena in sake gina ta, mutane na jira minti 15 ko fiye. Burina shi ne shugaban ƙungiya ya danna maɓalli ɗaya daga shafinsa, manhaja ta jawo sabon kod daga ma'ajiyar kod ta Git, ta gyara rumbun bayanai, ta tashi da kanta ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba.

Daren gwajin farko ne ya kusa zautar da ni. Sabarmu ram ɗinta (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) gigabait 1 ne kacal. Gyaran rumbun bayanai ya wuce lafiya, amma da aka zo harhaɗa fayilolin JavaScript sai ram ta cika, Linux ya kashe aikin a tsakiya. Aka bar ni da sabon rumbu da tsohon kod, kowane shafi sai kuskure 500, alamar saba ta kasa aiki. Ƙarfe 2 na dare, ga an ɗauke wuta, batirin kwamfuta ya kai kashi 9, hannuna har rawa yake.

Malam, kai ne ka ɗaga waya a wannan lokacin. Ba ka yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ka yi: «Ka ɗauki kwafi da pg_dump kafin ka fara?» Na kuwa ɗauki kwafin rumbun bayanan, saboda kai ne ka dinga nanata mini tun ina ɗalibinka. Da shi muka maido da komai kafin kiran sallar asuba, ko saƙo ɗaya bai ɓata ba. Kai ne kuma ka sa na ƙara swap na gigabait 2, wato wurin da saba ke ara daga faifai idan ram ta cika. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ina godiya ga masu manhajar dandalin tattaunawa ta Discourse da suka bar kod ɗin docker_manager, fulogin ɗinsu na sabuntawa, a buɗe a shafin GitHub. A can na ga dabarar da ta fitar da ni: kafin a fara sabuntawa, sai a rage ma'aikatan Unicorn (sassan manhaja masu amsa buƙatun masu shiga shafi) a tsayar da Sidekiq (mai gudanar da ayyukan bayan fage) don ram ta samu sarari, a maido da su bayan an gama. Na karanta fayil ɗin nan ya fi sau goma. Ba su san ni ba, amma sun taimake ni kamar ɗan gida.

Ƙanwata da ta yi ta danna maɓallin a sabar gwaji, ita ta gano cewa fulogin ɗin na ɓacewa duk sanda aka sake gina kwantena, don ban rubuta shi cikin fayil ɗin saiti ba. Na gode ƙwarai, auta.

Alhaji maƙwabcina ya miƙo mini waya daga solarsa ta kan katanga a daren gwajin farko, Allah ya raya zuri'a. Uwargida kuwa, da kika yi ta ɗumama tuwo yana sake hucewa a gefen kwamfuta, haƙurinki ba ni da abin biya sai addu'a.

'Yan ƙungiya, na gode da ba wanda ya tsananta mini. Yanzu maɓallin ba ya fara komai sai ya ɗauki kwafin rumbu ya kuma duba ram. Sabuntawa ta gaba ranar Asabar ce bayan isha'i, in sha Allahu, kuma shugaba ne zai danna da hannunsa.