Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Baba

Assalamu alaikum. A madadin mahaifiyarmu da ƙannena, ina sanar da 'yan uwa cewa an sallamo Baba, yana gida Tudun Wada, har ya fara shan kunu da hannunsa. Alhamdu lillahi.

Da yawa kun ji an yi masa aiki a Masar lafiya lau, sai kuma kuka ji muna kwance a asibiti nan Zariya. Ciwon hanta nau'in B da ya daɗe da shi ne ya haifar masa da ƙari a hanta, wanda bai kai santimita 3 ba. Ba a tsaga cikinsa ba. Allura aka soka ta fata ana kallo a na'urar hoto, aka ƙone ƙarin da zafi. Mataccen naman kuwa nan yake zama, jiki ya riƙa shanye shi a hankali. An gaya mana ɗan zazzaɓi na 'yan kwanaki bayan aikin ba abin tsoro ba ne.

Mako 3 da dawowarmu sai ga zazzaɓi mai zafi, da rawar ɗari, da ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Damina ce, kun san halinmu, kowane zazzaɓi na cizon sauro ne. Kwana 4 ina ba shi maganin maleriya. Wannan kam laifina ne.

Maƙwabciyarmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ita ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, mai ciwon suga da aka taɓa masa hanta ba a zama da shi a gida da irin wannan zazzaɓi. Ɗauko mota." Hoto ya nuna ƙwayoyin cuta sun shiga wurin ƙunar har ya tara mugunya. Aka sa siririyar roba ta gefen ciki tana zuƙewa, ana yi masa allurai ta jijiya. Kwananmu 16. Hajiya, Allah Ya saka miki da Aljanna.

Muna godiya ga likitoci da nas-nas, da matasan unguwa da suka ba da jini, da abokan Baba na kasuwar Sabon Gari da suka haɗa kuɗin magani ba mu roƙa ba, da jama'ar masallaci da ba su fasa addu'a ba. Allah Ya biya kowa.

An cire robar, amma zai yi makonni yana shan magani. Masu zuwa dubiya a bari sai bayan la'asar. Kuma don Allah kada a kawo jiƙe-jiƙe, likita ya hana.