Akwatin da ba zai shiga jirgin daji ba

Ɗan ƙanwata zai je kallon namun daji a Kenya da Tanzaniya, karonsa na farko ke nan. Na same shi ya baje wani ƙaton akwati mai tauri da tayoyi, yana jera baƙaƙen riguna da takalma ƙafa huɗu. Na tambaye shi nauyin kayan, ya ce, "Kawu, kilo 23 aka ba ni." Na nemi jadawalin tafiyar: gandun daji uku a kwana huɗu. Sai na ga kaina, domin da irin wannan akwatin da irin wannan haɗamar na fara.

Kilo 23 ɗin na babban jirgi ne, a Nairobi yake ƙarewa. Daga filin jirgin Wilson na Nairobi zuwa gandun dajin Masai Mara na Kenya ƙaramin jirgi ake hawa, mai cin mutum goma sha biyu ko kusa da haka, kuma abin da aka saba yarje wa fasinja kilo 15 ne, har da jakar hannu. Ma'ajiyar kayan a ƙarƙashin cikin jirgin take, ƙofarta ƙarama, shi ya sa suke cewa sai jaka mai laushi wadda za a iya lanƙwasawa a cusa. Nawa akwatin a filin ya kwana huɗu, na juye abin da ya samu cikin jakar aro, kuma a gaggauce na bar rigar sanyi na ɗauki turare. Zan iya cewa ba a gaya mini ba. An rubuta a takardar jirgin, ban karanta ba ne. Ko da yake wa ke karanta ƙananan rubutun nan?

Sanyin kuwa ya rama. Mutum ya ji an ce kusa da layin da ya raba duniya biyu sai ya zaci zafi, ya manta da tudu. Nairobi kanta tana kusan mita 1,800 sama da teku, bakin ramin Ngorongoro, wani ƙaton kwarin namun daji a Tanzaniya, ya haura mita 2,200. Ana fita kallo da misalin ƙarfe shida na safe, a mota buɗaɗɗiya, don a lokacin zaki da damisa suke motsi kafin rana ta kwantar da su. Daga Yuni zuwa Agusta iskar asuba tana shiga har ƙashi. Abin da ke aiki shi ne riga kan riga, guda uku, da hula mai rufe kunne, a riƙa tuɓewa ɗaya bayan ɗaya yayin da hantsi ke ɗagawa.

Baƙaƙen kayan ma na sa su, wai don kada datti ya nuna. Baƙi da shuɗi mai duhu su ne ke janyo ƙudan tsando, har tarkonsa da waɗannan launuka ake yi, kuma a gandun dajin Tarangire na Tanzaniya cizonsa yana ratsa siririyar riga. Fari kuma jar ƙura za ta rine shi kafin azahar. A nemi ruwan ƙasa, ruwan toka ko kore maras haske. Amma ban da mai zanen kakin soja; a Zimbabuwe da Zambiya doka ta hana farar hula sa shi.

Babban kuskurena lokaci ne. Na je a Afrilu saboda farashi ya faɗi, ina sa ran ganin nyumbu, shanun dajin nan masu gemu da suka haura miliyan, suna afkawa kogin Mara. A Afrilu ana tsakiyar babbar damina, garken yana can cikin gandun dajin Serengeti na Tanzaniya, mota tana kafewa a baƙar laka. Tsallake kogin daga Yuli zuwa Oktoba ne, haihuwarsu kuma wajen Fabrairu a Ndutu, can kudancin Serengeti. Araha ba ta ado. To amma in faɗi gaskiya, tun daga 2024 kuɗin shiga Masai Mara ga baƙo dala 200 ne a rana daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 a sauran watanni, kuma a Agusta sai ka ga motoci sun yi wa zaki ɗaya zobe. A Afrilun daji kore shar, ba kowa. Don haka ban san ko kuskure ne gaba ɗaya ba.

Na yi niyyar rubuta wa yaron shawarwari ashirin. Ba zai karanta ba, yaran yanzu abin da ya wuce tsawon allon waya ba ya shiga kansu. Ga abin da ya rage.

Shawarar farko a kan shawara take, wato zazzaɓin shawara. Katin rigakafin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Wanda ya ratso ta Kenya zai shiga Tanzaniya ya sa ran za a tambaye shi katin. Maganin kariyar maleriya a ga likita tun da saura wata guda: Malarone ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin isa, a ci gaba kwana 7 bayan dawowa; doxycycline sai an ƙara mako huɗu, kuma yana sa rana ta ƙona fata. Fasfo ya kasance da sauran wata shida da shafuka biyu fanko. Maganar biza a bincika da wuri, don ba kowane fasfo Tanzaniya ke buga wa a filin jirgi ba. A yanki inshorar da ta haɗa da ɗauko maras lafiya ta jirgi, irin aikin da AMREF Flying Doctors ke yi. Asibiti na da nisa.

Dala a riƙe sababbi, bugun kafin 2009 ana yawan ƙin karɓa. Leda a bar ta, Kenya ta haramta tun 2017, Tanzaniya 2019. Jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi ba ya tashi a gandun daji sai da izini. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, kuma a cika shi, don wasu sansanonin wutar sola ko janareta ce ta 'yan sa'o'i.

Gandu uku a kwana huɗu hauka ne. Nairobi zuwa Mara a mota awa biyar zuwa shida ne, ranar ta tafi. Kwana uku a wuri ɗaya, ka saba da ɗan jagoranka, ka ware masa kyauta tun daga kasafi. Ka nemi kyamara mai gilashin milimita 300 aƙalla, waya ba za ta kawo maka damisa a kan reshe ba. Kai, bar kyamarar ma. Sayi madubin hangen nesa, 8x42, mai ƙara girman abu sau takwas, naka kai kaɗai, ka kalli abin da idonka. Ku dai ba ku yarda kun ga abu sai kun ɗora shi an yaba.

Da dare kuma, in sansanin ba shi da shinge, kada ka fito daga tanti sai ka haska fitila mai gadi ya zo ya raka ka. Dorina da dare take fitowa kiwo, ɓauna kuma ba ta gargaɗi. Da na faɗa wa yaron haka, sai ya ɗago kai daga wayarsa ya ce, "Kawu, akwai intanet a tantin?" Akwatin na nan a buɗe, ya dai cire takalmi ƙafa ɗaya.