Darussan da na koya a nazarin ƙaguwar tudu a Kano

Darasi mafi nauyi shi ne ƙaguwar tudu ba ta taɓa rabuwa da ruwa ba, duk da sunanta. Da abin numfashi irin na kifi take shaƙar iska, yana ɓoye a ƙarƙashin ɓawonta, kuma dole ya zauna a jiƙe. Shi ya sa irin wadda ake samu a gaɓar tekun Legas da Neja Delta, Cardisoma armatum, take haƙa rami har ta tarar da ruwan ƙasa, ta yini ciki, sai dare ta fito kiwo.

A Kano kuwa hunturu ne ajalinta. Ɗalibi ya kawo ta daga kudu, ya ajiye a bokiti babu ƙasa, iskar Janairu ta busar da ita kafin a ankara. Gyaran ba wuya: babban baho, a cakuɗa yashi da ƙasa masu danshi, zurfin aƙalla santimita 20, da murfi mai ƙananan huji, don gwanar tserewa ce. A ajiye kwano biyu, ɗaya na ruwan daɗi, ɗaya na ruwan gishiri, giram 35 na gishirin teku a lita ɗaya. Gishirin miya ba ya yi. Ruwan famfo kuma sai ya kwana a buɗe don kulorin, maganin da ake zuba masa, ya fita.

Ci ba ta da zaɓe: busasshen ganye, mangwaro, gwanda, kwakwa, har mushe. A daka mata ɓawon ƙwai saboda kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawonta. Idan ta toshe bakin raminta ta daina ci, saɓa za ta yi. Masu tono su duba ko ta mutu, su ne ke kashe ta, don sabon ɓawon yana da laushi tuɓus.

Haihuwa ce ba za ta yiwu a nan ba. Macen tana rungume ƙwai a ƙarƙashin cikinta, sannan ta gangara teku ta sake su. Jar ƙaguwar Tsibirin Kirsimeti da ke Tekun Indiya ce misalin da ya fi shahara: da faɗuwar damina, tsakanin Oktoba da Disamba, miliyoyi ke nufar gaɓa. Mace ɗaya kan saki ƙwai har 100,000 kafin asuba, lokacin da watan sama ke rubu'insa na ƙarshe. 'Ya'yan su yi mako uku zuwa huɗu suna yawo a teku, akasari kifaye su cinye, ragowar su hau tudu ba su wuce milimita 5 ba. Sai bayan shekara huɗu zuwa biyar su balaga.

Kada a rikita ƙaguwar tudu da ƙaguwar rafi da fadama. Ta rafin ƙwanta na ƙyanƙyashe cikakkiyar 'yar ƙaguwa, babu ruwanta da teku. A dai dafa ta sosai kafin a ci, don a kudu maso gabashin Najeriya an san tana ɗauke da tsutsar da ke shiga huhun mutum.