Falon da na shafa wa fenti sau uku

Shekara takwas muka yi muna haya a unguwar Mabera ta Sakkwato, cikin ɗakunan da mai gidan ya shafa musu ruwan madara ya kuma hana a taɓa. Ko ƙusa za ka kafa sai ka nemi izini. Don haka da Allah ya hore mana muka gina ɗan namu a unguwar Arkilla, maigidana ya ce zaɓen kala ya bar mini, sai na ji kamar an kwance mini dabaibayi. Na daɗe ina tara hotunan faluka a waya, kuma wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne mai bango ruwan hanta, ja mai duhu, da labule ruwan gwal har ƙasa. Shi na ce a yi mini, bango huɗu duka.

Mai fentin dattijo ne, ya daɗe a sana'ar. Ya tsaya tsakiyar falon ya dubi taga, ya shafa bango da tafin hannu, sannan ya ce, "Hajiya, wagga kala tana da cin fenti, kuma tagar ga yamma take kallo. Hilastar ma ba ta ida bushewa ba. Da kin bari ta yi sati huɗu." Na ji shi sarai. Amma kuɗin hayarmu na ƙarewa a ƙarshen wata, kuma raina ya riga ya tafi. Kwana 10 da gama filasta aka fara shafe.

Abin da ya faɗa game da cin fenti shi ya fara tabbata. Ruwan madara shafa biyu ya ishe shi, amma ja mai duhu ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa da wuri. An yi shafa uku ana ganin dabbare-dabbare, sai a na huɗu ya zauna. Bokiti mai lita 20 da muka yi lissafin zai isa ya ƙare ana tsakar aiki. Kalar kuwa da hannu aka haɗa ta, ana ɗiga ja da baƙi cikin fari ana juyawa da sanda, don haka haɗi na biyu bai zo daidai da na farko ba. Bangon ƙofa ya fi sauran ukun haske kaɗan. Baƙo ba zai lura ba, ni kuwa kullum idona a kai.

Duk da haka makonnin farko na ji daɗinsa ƙwarai. Mun tare bayan ɗaukewar damina, da dare idan aka kunna fitilu falon yakan yi wani kwarjini. Ƙawayena suka yi ta ɗaukar hoto a ciki.

Sai hunturu ya shigo. Duk wanda ya zauna Sakkwato ya san ƙurar Disamba da Janairu, wadda ko ka toshe taga da tsumma sai ta sami hanya. Abin da ban taɓa tunani ba shi ne ƙurar nan fara-fara ce. A kan bango mai haske ɓacewa take, a kan mai duhu kuwa kwanciya take kamar an barbaɗa gari, yadda take yi wa baƙar mota. Na sa jiƙaƙƙen tsumma na goge, sai fentin ruwa ya biyo tsumman, wurin ya bar tabo. Na koma kakkaɓewa da busasshe, ƙurar ta tashi ta sake sauka. Ana cikin haka wasu fararen tabo kamar gishiri suka fara fitowa ta ƙasan bango, fentin yana ɓamɓarewa. Wannan hakkin filastar da ban jira ba ne. Sabon siminti yana da kaifi irin na toka, kuma damshin da ke cikinsa dole ya fita. Idan ka rufe shi da wuri, ta cikin fentin zai fito, ya ci kalar ya turo gishirinsa waje.

Bazara ce ta ƙarasa ni. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, falon ya zama wurin da ba mai son zama. Na ɗauka jan ne ke kawo zafin, har na tambayi wani ƙanen maigidana da ya karanci gini. Ya ce kalar bangon ciki ba ita ke dafa ɗaki ba, aikin kwanon rufi ne da bangon waje da rana ke duka, shi ya sa fari ko mai haske ya fi dacewa da waje. Amma ya nuna mini wani abu: bango mai duhu shanye haske yake, ba ya mayar da shi. In na saki labule don tare rana, falon ya yi duhu kamar magariba da tsakar rana, dole a kunna fitila, ga wuta ba kullum ba, ga batirin sola ana tattalinsa don fanka. In na ɗage labule kuwa, ranar la'asar ta shigo kai tsaye ta tagar yamma. Ita ce ta kashe bangon da ke fuskantarta. Ranar da muka sauke agogon bango don sa masa batir, sai ga da'irarsa a jiki, ja wur kamar ranar farko, kewaye da ita kuwa duk ya koɗe ya koma wani abu tsakanin ruwan hoda da ruwan ƙasa. Jan fenti yana cikin kalolin da rana ta fi saurin ci.

Surukata, Inna, ba mai yawan magana ba ce. Idan ta zo daga cikin gari takan gaisa a falo a tsaye, ta ɗauki tabarma ta fita tsakar gida. Sau ɗaya na ce, "Inna, ku shigo ciki mana, akwai fanka." Ta ce, "Bar ni nan, ɗiyata. Ɗakin ga nauyi garai." Wannan kalma ta nauyi ta daɗe tana yi mini yawo a kai.

Da muka sami hali sai na yi tsalle zuwa ɗaya gefen. Lokacin yayin ruwan toka ake yi, kowace amarya falonta toka da fari. Aka kankare jan, aka yi shafen fari sau biyu don kada ya leƙo, aka bi da toka. Na sayar da labulen gwal, na ɗinka wa kujeru riga ruwan toka, na sa farin labule, na sayo ƙwayayen fitila farare ƙal. Falon ya yi haske, ya ƙara faɗi a ido, wannan gaskiya ne. Amma ya mutu. Da dare farar fitila takan mayar da tokar shuɗi-shuɗi, fuskar mutum ta yi fayau kamar marar lafiya. Da rana kuma, hasken garinmu mai ɗan rawaya ne, ƙurarmu ma haka, to idan suka hau kan toka sai ta yi kamar ba a wanke ba. Farin labule bai yi wata ba ya sauya. Tsayin hannun yara kuwa, daga ƙofa har makunnin fitila, layi ne na shatin yatsu. Na zama mai tsawa a gidana: kar a taɓa, kar a jingina, kar a shigo da tuwo. Da Sallah baƙi suka cika falon, na lura kowa a bakin kujera yake zaune, ba wanda ya miƙe ƙafa.

Amsar ba a waya na same ta ba. Rasuwa aka yi mana, na kwana uku a gidan kakannina a tsohon gari, kusa da Hubbaren Shehu, a ɗakin da gwaggona ta gada daga kakarmu. Na san ɗakin tun ina yarinya, amma ban taɓa dubansa da idon mai neman wani abu ba sai wannan karon. Ginin ƙasa ne, bangon farar ƙasa aka shafa masa, farin da ba ya kashe ido. Daɓen ƙasa launin ƙasa. In don bango da daɓe ne, babu kala ko ɗaya a ɗakin. Amma ina kwance nake ƙirga abin da ke ciki: jeren kwanuka masu furanni ja da kore da ɗorawa tun daga ƙasa har kusa da rufi, faya-fayai masu rini a rataye, luru mai ratsin shuɗi a kan gado, tabarmar kaba mai zane, da tumtum biyu na jar fata da suka girme ni. Ɗakin cike yake da kala, kuma ba ya gajiyar da ido ko kaɗan.

Na tambayi gwaggo yadda suke yi da ƙura. Ta ce, "Mi ad da wuya? In Salla ta matso mu sauke jere mu wanke, mu jiƙa hwarar ƙasa mu shahe bango, mu mai da kaya." Wato duk abin da ke da kala a ɗakin abu ne da hannu ke iya ɗauka, a wanke, a shanya, a sauya masa wuri, ko a ba wata ɗiya idan za ta ɗakin miji. Abin da ba ya ɗaukuwa kuwa an bar shi shiru, kuma sabunta shi ba ya cin kuɗi. Ni na yi akasin haka sau biyu: da farko na zuba kalar duka a kan abin da ba ya motsi, daga baya na kore ta daga gidan gaba ɗaya.

Tumtum ɗin nan sun tsaya mini a rai. Fatar jar akuyar Sakkwato ce, wadda aka jeme da bagaruwa, aka rina da karan dafi, aka yi mata zanen baƙi da kuloko. Irin fatar da fatake suka riƙa ketare hamada da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, alhali daga nan ƙasar ta fito. Jan da na biya kuɗi mai yawa ina nema a bokiti, ga shi dukawan garinmu suna yin wanda ya fi shi zurfi, kuma tsufa ƙara masa kyau yake. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana cewa kala mai ƙarfi ƙauyanci ce. Mutanen da suka san rinin baba da na karan dafi tun kaka da kakanni, masu ado wa doki ranar hawan Sallah, ba su ne za a koya wa kala ba.

A karo na uku ban yi gaggawa ba. Na koma wurin dattijon nan na ba shi haƙuri, ya yi murmushi kawai. Ya shafa mini kala uku a bango, kowace faɗin kamu biyu, muka bar su kwana biyar. Ina dubansu da hantsi, da azahar, da la'asar lokacin da rana ke shigowa, da kuma dare. Fenti yana sauya fuska idan ya bushe, yana kuma sauyawa da hasken da ya hau shi, don haka ɗan katin da ake nuna maka a shago ba ya gaya maka komai. Wadda na fi so da safe ta zama kamar laka da dare. Na zaɓi wadda ta yi kama da yashin bakin gulbin Rima, tsakanin madara da ƙasa, kusan launin ƙurar kanta. Aka haɗa duka a mazubi ɗaya lokaci ɗaya, na ɗebi galan guda na rufe na adana saboda gyaran gaba. Na ƙara kuɗi na sayi mai ɗan sheƙi wanda ake gogewa da ruwa, saboda yara. Silin fari. Fitilu kuma na koma masu hasken ɗorawa. A jikin kwalin ake rubutawa: mai 6500K shi ne fari mai shuɗi-shuɗi, mai 3000K shi ne mai taushi, kuma wannan ɗan lamba yana sauya ɗaki fiye da yadda mutum zai zata.

Masu adon gida suna da wani ƙiyasi, wai kashi 60 na ɗaki ya zama kala mai sanyi, 30 wata da ke biye mata, 10 mai ƙarfi. Ban auna da ma'auni ba, kuma ina ganin a gidan Bahaushe goman nan ma a rage ta, domin mutane da kansu kala ne. Ranar suna mata ashirin suka zauna a falona, kowace da atamfarta da mayafinta da lallenta. A jan bango da kayan sun yi ta faɗa da juna, a wannan kuwa kowace ta fito. Abin da na sa kaɗan ne: tumtum biyu na jar fata da na sayo wurin dukawa, luru mai shuɗi a bayan doguwar kujera, darduma guda mai ja da baƙi, da faifai uku na gwaggo a bangon kudu. Labule ruwan ƙasa mai kauri a tagar yamma. Bangon gabas ban rataya masa komai ba, don nan nake shimfiɗa sallaya, kuma ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa Nana A'isha ta kawar da wani labule mai zane saboda yana gitta masa a cikin sallah.

Son kala mai ƙarfi bai bar ni ba, kuma ban so ya bar ni ba. Bangon ƙarƙashin rumfar tsakar gida, inda rana ba ta kaiwa, shuɗi ne mai duhu irin na rini, da fentin mai, ana watsa masa ruwa a wanke. Randunan ruwa biyu na jar ƙasa suna jingine da shi, kuma duk gidan babu inda nake son kallo kamar nan. Ɗakin 'yan mata ma na bar su suka zaɓi kore shar a bango ɗaya, wanda galan guda zai sauya shi duk ranar da suka gaji.

Hunturu biyu ke nan falon bai nemi komai ba sai kakkaɓa da wankin luru. Makon jiya Inna ta zo bayan azahar, na shiga kicin in kawo mata fura. Da na fito na tarar ta jawo tumtum ɗaya ta yi matashi da shi a kan darduma, ta rufe ƙafa da mayafi, barci ya ɗauke ta. Na rage ƙarfin fanka, na rufe furar da faifai, na kori yara tsakar gida.